Gwajin Tsarin Sarrafa Inji ta Hanyar Zanen Akwatuna

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda injiniyoyi suke gwada tsarin sarrafa inji cikin kwamfuta tun kafin su ƙera shi. Alal misali, idan aiki ya yi wa janareta yawa, gudunsa yakan ragu, sai na'urar daidaitawa ta ƙara masa mai. James Watt ya sanya wa injin tururi irin wannan na'ura a 1788, Maxwell kuma ya bayyana lissafinta a 1868.

A manhajar Simulink ta kamfanin MathWorks, akan zana kowane sashe a matsayin akwati: na inji, na ma'aunin gudu, da na na'urar daidaitawa. Kibiyoyi ne suke haɗa su, ɗaya daga ciki kuwa takan mayar da sakamakon awo mafari domin a kwatanta shi da gudun da ake bukata. Daga nan kwamfuta ta lissafa sauyin gudun daki-daki, ta zana shi a allo.

Idan gyaran ya wuce kima, gudu yakan riƙa hawa da sauka, har inji ya kai ga lalacewa. Gano wannan aibu a allo ya fi araha a kan gano shi a masana'anta. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.