Katin inshora na aljihu, idon yarinya ya tafi

Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya ya kawo mini 'yarsa nan Tambuwal daga wani ƙauye na Kebbe. Ba ta wuce shekara 12 ba. Ƙorafinsa shi ne ta daina ganin rubutun allo. Na auna matsin idon, na dama ya haura 40, jijiyar gani ta riga ta lalace. Na hagu ma ya kama hanya.

Da na tambayi abin da ake ɗiga mata, sai ya zazzage leda a kan teburi: kwalaben dexamethasone ne, wasu ko kwali babu. Tun tana ƙarama idonta ke ja da ƙaiƙayi duk hunturu da bazara. Wani mai kemis ya ba su, suka ga sauƙi a kwana biyu, suka ɗore a kai fiye da shekara biyu. Ƙaiƙayi ya lafa, hawan jinin ido ya shiga.

Na ce, "Malam, me ya hana ku zuwa asibiti tun farko?"

Ya ce, "Wallahi likita, kuɗin mota da na kati da na magani na duba."

Yana laluben kuɗi a aljihu sai ga katin inshorar lafiya na NHIA. Sunan yarinyar na cikin rajistarsa. A saninsa, in ji shi, katin na zazzaɓi ne da haihuwa. Asibitin da ya zaɓa kuwa yana can garin da ya fara aiki. An daɗe da yi masa canjin wuri, bai taɓa neman a sauya masa ba. Na rubuta musu takardar zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato don a ceci na hagu, raina a ɓace.

Tsarin nan ya fara aiki tun 2005 da sunan NHIS, dokar 2022 ta mai da shi NHIA, amma har yau mutanenmu ba su san duba ido na ciki ba. Yana ciki. Gilashi mai sauƙin kuɗi ma yana ciki, ban da wanda ake mannawa a ƙwayar ido. A magani, kashi 10 cikin 100 kake biya. Rajistar ta ɗauki maigida da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ko uku, je ka tambayi yadda ake ƙara sauran, kada sai ciwo ya zo ka tsaya kana mana faɗa a bakin ƙofa.

Kuma ba a tsallake asibitin da ke rubuce a rajistarka. Can za a fara ganinka, su tura ka gaba da takarda da lambar izini. Ka je Sakkwato babu su, da kuɗinka za ka biya. An canja maka wurin aiki? Sauya asibiti tun kana lafiya.

Wanda ba ma'aikaci ba, ya je asibitin mazaɓarsa ya tambayi rajistar marasa ƙarfi ta SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, ya kuma tambaya ƙarara abin da ta ɗauka a kan ido.

Ku daina ɗiga wa yara maganin da ba a rubuta muku ba. Ku daina! Mai kemis ba ya auna matsin ido, bai ma da abin aunawa. Kai mai kemis da ke miƙa wa uwa wannan kwalba kamar alewa, ka ji tsoron Allah. Nono da ruwan albasa da fitsari ma ba maganin ido ba ne.

Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na bi mata. Yanar ido dai ana cire ta a asibiti mutum ya gani, muddin masu yawo ƙauyuka da allura ba su riga sun tsokale idon ba. Abin da hawan jinin ido ya ci kuwa ba ya dawowa, kuma maganinsa na har abada ne, wata bayan wata. Masu jiran sai ɗan siyasa ya kawo aikin ido kyauta, wannan aikin na kwana uku ba zai saya muku maganin watan gobe ba.