Yadda Ake Shirin Ɗauko Ɗan Riƙo Na Biyu Daga Ƙetaren Iyaka

A cikin birnin Kano, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Soron Ɗinki, inda gida ɗaya yakan haɗa kakanni da jikoki da tattaɓa-kunne, da wuya mutum ya shiga gidaje uku a jere bai tarar da yaron da ba a nan aka yanke masa cibiya ba. Riƙo daɗaɗɗen abu ne a wurinmu: ana ba kaka ɗan fari saboda kunya, ana ba gwaggon da Allah bai nufe ta da haihuwa ba 'yar yaye ta ɗebe mata kewa, ana kai maraya gidan baffansa. Alhassan Ɗantata ma, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma, a hannun wata dattijuwa mai suna Tata ya tashi a Bebeji, bayan mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi Akara, babban birnin Gana ta yau. Iyakarmu da Nijar, wadda Ingila da Faransa suka shata tsakaninsu daga 1898 zuwa 1906, ta raba haraji da tuta, amma ba ta raba dangi ba. Shi ya sa har yau ake kawo yara riƙo daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, kamar yadda ake kawo su daga Bichi ko Gezawa.

Kafin a shiga bayanin shiri, wajibi ne a bambanta abin da muke yi da abin da Turawa suke yi. Su, idan sun ɗauko yaro daga wata ƙasa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg a 1993, galibi kotu takan yanke nasabarsa da iyayensa, ya ɗauki sunan sabon gida, ya ci gado a cikinsa. Wannan shi ne tabanni, wanda aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka soke, har aka koma kiran Zaidu da sunan mahaifinsa Harisa. Abin da shari'a ta bari, ta kuma kwaɗaitar a kansa, shi ne kafala, wato ka ci da yaro, ka tufatar da shi, ka ilmantar da shi, alhali yana nan ɗan ubansa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20.

Farkon shiri shawara ce tsakanin miji da mata, kuma a ɗaki ake yin ta, ba a soro ba. Na faɗi haka ne domin sau da yawa mai gida yakan je ta'aziyya, tausayi ya kama shi a gaban jama'a, ya ɗauki alkawarin yaro, sannan ya dawo ya sanar da wadda wanka da wanki da jinyar dare za su hau kanta. Wanda ya taɓa riƙo sau ɗaya ba shi da uzurin jahilci, gama ya riga ya san abin da bakin mutum guda yake ƙarawa a kan mudun hatsi, ya san kuɗin makaranta da na magani, ya kuma san cewa 'yar riƙo idan ta isa aure, kayan ɗakinta a wuyansa suke, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Akwai wani maɗinki a cikin birni, matarsa 'yar Maraɗi ce, suna riƙon 'yar wanta tun daga yaye, ga ta yanzu ta kai shekara goma sha ɗaya, da aka aiko cewa wani ƙanen matar ya rasu ya bar yaro ɗan shekara shida, ita ce ta fara magana, ta ce, "Malam, ni dai zuciyata ta karkata, amma kai ne mai fita nema, kada in ɗora maka abin da zai sa ka dube shi da nauyi." Ya ce, "Hajiya, mu yi istihara, in kuma ƙirga ɗinkin da nake samu a watannin da babu salla, domin da su ake auna gida." Haka ya kamata lissafi ya kasance, a kan watan da kasuwa ta mutu, ba a kan azumi ba, sa'ad da keke ba ya kwana.

Idan niyya ta tsayu, sai a juyo kan wadda aka fi mantawa da ita, wato 'yar riƙon farko. A ganina nan ne riƙo na biyu ya bambanta da na farko, kuma nan ne gidaje da yawa suke tuntuɓe. 'Ya'yan cikin gida, in akwai su, sun san matsayinsu ba ya girgiza, ko da an kawo yara goma. Amma wadda aka riƙa, komai daɗewarta, tana da wata kafa a zuciya da tsoro yake shiga, kuma da zarar ta ji ana raɗe-raɗin za a kawo wani, abin da za ta fara tunani shi ne ko an gaji da ita ne, ko za a mayar da ita inda ba ta ko tuna hanyar rijiyarsa ba. Saboda haka bai kamata ta tsinci labarin a bakin maƙwabta ko a makarantar allo ba. Uwar riƙo ce za ta zaunar da ita, su biyu, ta gaya mata sarai cewa ga abin da ya faru, ga wanda zai zo, ga dangantakarsu, kuma tabarmarta da akwatinta da makarantarta suna nan yadda suke. Daga nan sai a ba ta hannu a cikin shirin, ta zaɓa masa kwanon ci, ta san cewa daga ranar da ya sauka Yaya zai riƙa ce mata. Sai dai a yi hattara kada wannan girma ya rikiɗe ya zama bauta, a wayi gari an ɗauko na biyu an ɗora wa ta farko renonsa, ta daina zuwa makaranta, a ce ai ƙanenta ne.

Bayan an gama da cikin gida, sai neman yardar masu haƙƙi, kuma wannan ba aikin waya ba ne. Zumunta a ƙafa take. Akan tashi dattijo guda, tare da uwar riƙo ko wata babbar mace, su tafi da goro. Wanda ya karanta littafin Risala ya san cewa haƙƙin haɗana a mazhabarmu ta Malikiyya na uwa ne da farko, sannan kaka, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan 'yan'uwa mata da gwaggwanni, asaba kuma su zo daga baya. Ke nan gwaggon da take Kano, komai wadatar mijinta, ba ta da ikon tsallake matar mamaci mai takaba ko kakar yaron ta wajen uwa, sai in da daɗin rai suka sallama. Ba a kuma neman wannan sallamawa ranar sadakar uku, lokacin da mace ba ta san abin da bakinta yake faɗi ba. A bari ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, hankalinta ya komo jikinta. A zaman da za a yi gaban shaidu, a fayyace abubuwan da kunya takan sa a binne su har su zama husuma bayan shekaru: riƙon na har abada ne ko zuwa wani lokaci, sau nawa za a kai shi ganin gida, kuma idan mamaci ya bar gona ko dabbobi, wane ne wasiyyin da zai tsare rabon maraya har ya yi rushudi. Mai riƙon da yake son mutuncinsa yakan ce a bar dukiyar can a hannun wani, a rubuta, shi yaron kawai yake so.

Akwai mas'alar muharramaka, wadda malamai suka fi kowa nanata ta, mutane kuma suka fi sakaci da ita. Yaron da aka kawo yana cikin shekaru biyu na shayarwa, idan matar gida ta ba shi nono, ko da sau ɗaya ne a wurin Malikawa, ya zama ɗanta na raɗa'a, mijinta ubansa, 'ya'yanta 'yan'uwansa. Wanda ya wuce wannan haddi kuwa, riƙo ba ya canza masa hukunci ko kaɗan: ɗan ƙanen matar gida muharraminta ne ita, amma tsakaninsa da 'ya'yanta mata akwai aure, haka kuma tsakaninsa da 'yar riƙon farko, tun da 'ya'yan wa da ƙane ne. Don haka tun kafin ya zo ake duba makwanci, a san inda zai kwana yau da inda zai koma idan ya kai shekara goma. A gidajen cikin birni, da ɗakunansu ke ƙirge, wannan yakan kai ga kwashe buhunan da ke shago ko yanka wani gefe na zaure.

Takardu su ne abin da kakanninmu ba su sani ba, mu kuma ba mu da makawa a kansu. A karɓo takardar haihuwar yaron ta can, da katinsa na rigakafi, da takardar yardar uwa da waliyyi wadda hukumar garinsu ta sa wa hannu, a kuma tafi da wasiƙar mai unguwa daga nan. Masu yi wa Maraɗi tsinke sukan hau mota a Ƙofar Ruwa, su bi Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Masu zuwa Damagaram su bi Daura da Kongolam. A kowace hanya akwai jami'an shige da fice, kuma tun da aka kafa hukumar NAPTIP a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, baligin da yake tafe da yaron da ba nasa ba, babu takarda, ya jawo wa kansa zargi da hannunsa, kuma ba za a ce an zalunce shi ba. Kada a kuskura a damƙa yaro ga direba kamar saƙon kilishi. Kada kuma a yanka rana a yi ta shela, gama iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A tambayi waɗanda suka dawo cikin makon kafin a ɗaura kaya.

Jarrabawar da ta fi dabara ita ce ta suna. Idan aka je sa yaro a makaranta, ko yi masa rajistar zama ɗan ƙasa, wani zai ce a sauƙaƙa, a rubuta sunan mai gida a matsayin uba, a yanko masa sabuwar takardar haihuwa, kowa ya huta. Wannan tabanni ne da alƙalami, ƙarya ce kuma ga hukuma, ranar rabon gado ko ɗaurin aure sai ta tono kanta. A bar masa sunan ubansa, a jure zirga-zirgar ofis. Wanda yake tsoron kada ɗan riƙonsa ya tashi a tutar babu bayan ransa, shari'a ta buɗe masa ƙofa biyu: hiba, wadda zai bayar yana raye a kuma karɓa, da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Tun da yanzu 'yan riƙo sun zama biyu, sai ya sake duba abin da ya rubuta wa ta farko, ya daidaita, ya sa shaidu.

Sauran shiri na hannu ne. Maɗinkin nan, da ya sami awon yaron ta bakin waɗanda suka je, sai ya sayo shadda ɗaya a Kantin Kwari, ya yanka wa 'ya'yansa maza biyu da baƙon riga da wando iri ɗaya, aikin wuya iri ɗaya, har ya ƙara wa na baƙon ɗan tsawo a ƙafa, ya naɗe shi ciki, don kada awon baki ya ba shi kunya. Ya kuma saya wa 'yar riƙon farko atamfa, kada ta ga ana ɗinki babu nata. An je wurin malamin allo an gaya masa surar da yaron ya tsaya. An ja wa yaran gida kunne cewa Hausarsa ta Maraɗi ce, zai ce lakwal inda suke cewa makaranta, kuma duk wanda ya kwaikwaye shi don dariya zai haɗu da Baba. Boko kuwa, tun da da Faransanci ya fara, aji ɗaya za a mai da shi, kuma a shekarunsa wannan ba hasara ba ce.

Ranar sauka ba a tara jama'a. A ba shi ruwa da fura, a bar shi ya manne wa wadda ta rako shi, wadda ya kyautu ta yi kwanaki kafin ta juya, kuma ta yi masa sallama a fili, ba ta sulale yana barci ba. A cikin makon farko a kai shi gaida mai unguwa da liman, a kai shi Asibitin Hasiya Bayero da katinsa a duba allurar da ta rage. Fitsarin kwance da ƙin cin abinci da kukan dare duk suna zuwa, ba a dukan yaro a kansu. A riƙa haɗa shi da mahaifiyarsa ta waya a ranar da aka tsayar, ko da kuwa zai yi kuka bayan an kashe, sannan a fara tara kuɗin motar ganin gida, wanda galibi akan sa shi bayan babbar salla, lokacin da makaranta take hutu kuma akwai soyayyen naman da za a riƙa wa kaka.