Gishirin Albarushi

Wanda ya taɓa ganin hawan Salla a Haɗejiya ya san 'yan bindiga. Kafin Sarki ya iso sai ka ji kau! kau! Farin hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura. Abin da suke ɗurawa a bindigogin nan shi ne albarushi. Ana haɗa shi da gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri. Gishirin nan shi ya fi yawa a ciki, shi ne kuwa za mu yi magana a kansa yau.

Masana suna kiransa fotashiyam naitiret. Fari ne fat, kamar gishirin miya, yana kuwa narkewa cikin ruwa, balle ruwan zafi. Ba kanwa ba ne, kada ku haɗa su. A da, akan samo shi jikin tsofaffin bangaye da ƙasar turke, inda kashin dabbobi da fitsarinsu suka daɗe suna ruɓewa. Mutanen Sin ne suka fara yin albarushi da shi, yau fiye da shekara 1,000 ke nan.

Ga abin mamaki. Shi kansa gishirin ba ya cin wuta. Amma in ya sha zafi sai ya saki oksijin, watau iskar nan da wuta ba ta rayuwa sai da ita. Kun ga yadda maƙeri yake zuga, garwashi ya yi ja? To, gishirin nan zugazugi ne wanda ba ya bukatar mai zuga. Saboda haka in ya gauraya da gawayi, ko ƙaiƙayi, ko mai, ɗan tartsatsi ya isa. Ko an rufe wutar da bargo ba ta mutuwa, gama iskarta tana tare da ita. Ba a ajiye shi kusa da murhu ko rumbu, yaro kuma ba ya wasa da albarushin maharbi.

Aikinsa bai tsaya ga bindiga ba. A masana'antu akan narkar da shi, a tsoma gilashin wayar hannu ciki don ya yi ƙwari. Ana sa shi cikin maganin goge baki na masu haƙora masu tsami. Taki ne kuma mai kyau, gama yana ɗauke da abinci iri biyu da tumatir da tattasai suke so, irin waɗanda ake nomawa a fadamun Auyo.

Sai dai taki in ya yi yawa, ruwa yakan wanke shi zuwa kogi da rijiyoyi. Babba ya sha ruwan nan ba lalle ya ji kome ba. Jariri kuwa, jininsa yakan kasa ɗaukar iska, har leɓunansa su yi shuɗi. In an ga haka, sai a garzaya da shi asibiti.

Tambayoyi
1. Da me da me ake haɗa albarushi?
2. Don me bargo ba ya kashe wutar gishirin nan?
3. Yaya takin gona yake kaiwa ga rijiya?