Amsoshin Tambayoyinku: Yoyon Ƙafar Rigar Nutso da Gyaransa

Rigar nutso mai hana ruwa shiga, wadda wani mai sauraro ya yi tambaya a kanta, ita ce masu nutso ke sawa a ruwa mai sanyi, kamar gaɓar tekun Norway da Ingila. Ƙafarta iri biyu ce: safa mai laushi ta roba da ake sa wa takalmi a sama, ko takalmin roba mai kauri da aka haɗe da rigar.

Yoyo ya fi aukuwa a diddige da bakin yatsu da wajen ɗinki, saboda gogayya da yashi da tsinin farce. Hasken rana da mai kuma suna sa roba ta tsage.

Domin gano hujin, akan toshe wuya da hannuwan rigar, a hura mata iska, sannan a shafa ruwan sabulu a ƙafar. Inda kumfa ta taso, nan ne ɓarakar take. Sai a bar wurin ya bushe, a goge shi da samfefa, a shafa gam irin Aquaseal, a bar shi ya kwana. Babban huji yana buƙatar faci. Idan robar ta yi danƙo ko ta tsattsage, sai a sauya ƙafar gaba ɗaya.

Rigakafin yoyon kuwa shi ne yanke farce, tsayawa kan tabarma lokacin sa rigar, ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, da shanya ta a inuwa.