Gyaran Tsaron Baya a Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Abin Yi da Abin Bari

Wannan gargaɗi ne ga babban kocin ƙungiyar jami'a a Amurka, wanda yaransa ke cin maki 40 ranar Asabar amma a tashi wasa shi ne a ƙasa. Ga wanda bai saba kallon ƙwallon ƙafar Amurka ba, ita ce wadda ake rungumar ƙwallo a sheƙa da gudu ko a jefa ta da hannu, kowa sanye da hular kwano. Masu kai hari mutum 11 ne, masu tsaro wasu 11 daban, kowane ɓangare da nasa koci a ƙarƙashin babban koci. Ana ba masu hari yunƙuri huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Aikin masu tsaro bai wuce hana yadi 10 ɗin nan ba. To, koci, naka sun kasa. Buɗe kunnenka.

Kada ka ɗauka korar kocin tsaro ita ce gyara. Dubi Lincoln Riley, gwanin tsara hari da ba a ja da shi. A Oktoban 2018 Teksas ta doke ƙungiyarsa, Oklahoma, 48 da 45, sai ya sallami kocin tsaronsa, Mike Stoops, ya ɗauko Alex Grinch a farkon 2019. A Disambar shekarar LSU ta yi musu 63 da 28, inda mai jifanta, Joe Burrow, ya yi jifa bakwai da suka kai ga tsallaka layin ƙarshe tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Riley ya koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, ya tafi da Grinch. A Janairun 2023 suna gaban Tulane 45 da 30, saura ƙasa da minti biyar a tashi, aka ƙare 46 da 45, su ne a ƙasa. A Nuwamban shekarar Washinton ta zura musu maki 52, ɗan wasa guda, Dillon Johnson, ya ci yadi 256 da gudun ƙafarsa. Washegari aka kori Grinch. Jami'a biyu, kora biyu, ciwo ɗaya, kuma mutum ɗaya ne bai motsa daga kujerarsa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ban ce kada ka taɓa sallamar kowa ba. Da USC ta kawo D'Anton Lynn a matsayin kocin tsaro, makin da ake cin su a kowane wasa ya ragu da kusan 10 a kakar 2024. Amma kafin ka rattaba hannu a takardar sallama, tambayi kanka: wa ke raba lokacin atisaye? Wa ke yanke wa za a ba tallafin karatu? Kai ne.

Ka koya musu kamu da kayarwa, kullum, ko sun gaji da ji. Mafi yawan abin da 'yan kallo ke kira rushewar tsari ba rushewar tsari ba ne. Yaro ya je wurin da aka ce ya je, ya isa a kan lokaci, ya miƙa hannu, mai ƙwallo ya kuɓuce, gudun yadi huɗu ya zama na 40. Tsaya kusa ka ga inda yake kuskure: yana kallon fuskar mai ƙwallo da kafaɗunsa, su kuwa yaudara suke yi. Ka ce ya kafa ido a ƙugu. Ya taƙaita taku in ya matso, ya rusuna, ya kai kafaɗa cinya, kansa a gefe, hannu biyu su zagaye ƙafafu, ya matse, ya mirgina da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa ya san ba a kayar da ƙato ta kafaɗa, ƙafa ake nema. A 2014 Pete Carroll na ƙungiyar Seattle Seahawks ya fitar da bidiyon koyar da wannan kamu da aka aro daga zari-ruga, kocin tsaro Chris Ash ya shigar da shi atisayen Ohio State a shekarar, kuma su suka ɗauki kofin ƙasa a kakar.

Kada ka bar yaro ya kai sura da kai. Ban da haɗarin karyewar wuya, hukuncinsa yadi 15 ne da kora daga wasa.

Kada ka mai da masu tsaronka 'yan rakiya a filin atisaye. Nan ne kocin da ya taso ta ɓangaren hari ke cin amanar rabin ƙungiyarsa ba tare da ya sani ba. Yana tsoron a ji wa mai jifansa rauni, sai ya riƙa hura usur tun kafin jiki ya haɗu da jiki. Mako guda masu tsaro suna taɓa mutum da tafin hannu a ce an kama, ranar Asabar kuma a ce su tare ƙaton da ya taho da gudu ba birki. Ka haɗa gwanayen hari da gwanayen tsaro su gwabza da gaske, musamman a atisaye 15 da doka ta ba ka kafin kaka, lokacin da rauni ke da watannin warkewa.

Ka rage dabaru. Waɗannan ɗalibai ne, suna da lacca da jarrabawa, kuma hukumar NCAA ta ƙayyade maka awa 20 a mako. Alamar dabarunka sun yi yawa a fili take: mai tsaron can baya yana waige wajen benci, hannu a sama yana tambayar me aka ce, abokan karawa kuwa har sun fara. Daƙiƙa 40 ce tsakanin yunƙuri da yunƙuri, masu saurin hari ba sa ma cinye rabinta. Kada ka ce ai tun 2024 an yarda ka yi magana ta rediyon cikin hular kwano; ɗan wasa ɗaya ne ke jin ka, kuma ana katse layin in saura daƙiƙa 15. Je ka Iowa ka ga Phil Parker, wanda ke riƙe da tsaronsu tun 2012 da tsari kaɗan da yaransa suka haddace. A 2023 harinsu ne na ƙarshe a yawan yadi cikin manyan jami'o'in ƙasar, duk da haka suka ci wasa 10. A 2022 sun doke South Dakota State 7 da 3, kuma huɗu daga makin nan masu tsaro ne suka kawo, ta hanyar kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa sau biyu. Kallon wasan azaba ne, na yarda, amma an rubuta musu nasara.

Sai dai kada sauƙin tsari ya zama taurin kai. A Satumban 2020 LSU, masu riƙe da kofi, suka tari Mississippi State da tsaron kowa da mutuminsa. K.J. Costello na Mississippi State ya yi ta jifa, kocin tsaron LSU, Bo Pelini, ya ƙi sauyawa, aka tashi yaron ya ci yadi 623, an doke LSU 44 da 34. Mako ɗaya bayan nan Arkansas ta fuskanci wannan hari. Kocin tsaronta, Barry Odom, ya tura mutum uku kawai su kori mai jifa, takwas suka koma baya kowa ya tsare yankinsa. Suka cafke jifan Costello uku, suka ci 21 da 14. In abu ya ƙi tun rabin farko, canza shi a hutu, girmanka ba zai zube ba.

Kada ka mai da rubdugu maganin kowace cuta. In ka tura mutum shida ko bakwai kan mai jifa, bayanka wayam yake. A 2022, shekarar farko ta kocin tsaro Jim Knowles a Ohio State, ya cika sahun gaba don tare Michigan, sai Donovan Edwards ya ɓalle da gudun yadi 75, ya sake ɓallewa da na 85, aka tashi 45 da 23, Ohio State ce a ƙasa. Ba a kori Knowles ba. Ya sassauta, ya bar masu gadi a baya, a kakarsa ta uku tsaronsa ya fi na kowa hana maki, suka ɗauki kofi a Janairun 2025.

Ka nemo ƙarti, ka nemo su da yawa. Jojiya ta 2021 kusan maki 10 kacal ake cin ta a wasa, kuma da ƙungiyoyin ƙwararru na NFL suka zo zaɓe a 2022, masu tsaronta biyar aka ɗauka a zagayen farko, uku daga sahun gaba. Ɗaya daga ciki, Jordan Davis, ya haura kilo 150. Mutum biyu ake sa wa su tare shi, na bayansa su samu hanya a buɗe. Tun da aka buɗe ƙofar sauya sheƙa a 2018, aka kuma halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu a 2021, kowa na rige-rigen mai jifa da masu cafka. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a can. Kuma kada ka dogara da sauya sheƙa wajen samun ƙarti, domin mai irinsu ba ya sakinsu da arha. Ɗauko su daga sakandare, ka ciyar, ka rena, ka riƙa musanya su a wasa don kada numfashinsu ya ƙare a zango na huɗu.

Kada yawan ƙwace ƙwallo ya ruɗe ka. USC ta fi kowa cin ribar wannan a 2022, sai aka ɗauka tsaro ya gyaru, har Utah ta zura musu 47 a wasan kofin yankinsu.

Kada ka tsaya gaban 'yan jarida ka ce tsari daidai yake, yara ne ba su aiwatar ba. Kai ka ɗauko su, kai ka koyar da su, kuma yanzu suna da ƙofar fita.

Bayan kowane wasa ka shiga ɗakin masu tsaro da ƙafarka, ba aike ba. A kunna bidiyo, a ƙirga kamun da aka kuskure ɗaya bayan ɗaya da yadin da kowanne ya jawo, a rubuta a allo da sunan mai shi. Wanda sunansa ya fi yawa mako biyu a jere ya koma benci, ko da kuwa shi ne wanda ka sha wahalar zawarcinsa daga sakandare.