Haɓon Gado da Aikin Lesa

Tambaya: Haɓo ya dame ni, kamar yadda ya dami mahaifina. Likita ya ce cutar gado ce mai suna HHT, zai ƙona jijiyoyin hancina da lesa. In yarda?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe. Ki yarda. Lesa tana toshe 'yan jijiyoyin nan masu kama da jajayen ɗigo, haɓon ya ragu. Sai dai ba ta kashe cutar, wasu kan sake fitowa, a maimaita aikin.

Da hunturu ki riƙa fesa ruwan gishirin kemis a hanci, ki bar ƙwaƙula. Kada ki sha asfirin sai likita ya ce. A auna jininki, a duba huhunki, domin cutar kan ɓuya a can. 'Ya'yanki ma a duba su, kowannensu yana da kashi 50 cikin 100 na yiwuwar gadonta.