Kafin ka biya kuɗin motarka ta fari

A makon jiya tarakta ta jawo wata boksi, Toyota Hilux, daga hanyar Doka zuwa garejina a nan Gadarif. Mai ita yaro ne ɗan unguwarmu, na san mahaifinsa. Damina biyu ya yi yana noman riɗi a gonar haya, ya sayar, ya haɗa da 'yan kunnen zinaren matarsa, ya sayi motarsa ta fari. Ranar da ya karɓo makulli har sadaka ya raba a ƙofar masallaci. Ko wata guda ba ta yi a hannunsa ba inji ya buga.

Da na sauke kaskon mai, abin da ya zubo man giya ne mai kauri, an ɗura shi ne don ya toshe bakin mital ɗin da suka riga suka cinye. Karanshaf an yanka shi har ya ƙure. Lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya. Na shiga ƙarƙashi na kankare laka, sai ga shasi an yi masa walda a wuri biyu, an shafe da baƙin fenti.

Ya ce, "Kawu, wallahi da na tayar da ita a wurin dillali ko tari ba ta yi ba."

Na ce, "Ɗana, da wane lokaci?"

Da la'asar. Injin da ɗuminsa, an riga an tashe shi an jira shi. Bai nemi kowa ya raka shi ba, wai yana so ya ba mutane mamaki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bakaniken bakin hanya. Da allurar zafi ta fara hawa, yaron ya tsaya wurin wani mai sifana biyu da guduma da ke kiran kansa usta. Maimakon ya duba lagireto, sai ya cire tamostat ya jefar, ya ce motar Sudan ba ta buƙatarsa, ya cika ruwa ya karɓi kuɗi. Gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da mai, sauran kuma ga shi a gabana. Wanda ya ce ka cire tamostat, ɗauki motarka ka gudu.

Na sani, motar fari tana rufe ido. Har yau dattawa suna ba ni labarin tasu da murmushi, lambarta ma ba su manta ba. Shi wannan yaron da me zai tuna tasa?

Kada ka biya kafin bakanikenka ya gani. Naka, ba na dillali ba. Ka je da sassafe, ka dafa inji da hannunka, in da ɗumi ka koma gida. A shiga ƙarƙashi a kankare laka.

Sai takardu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, balle bayan Madani ta faɗi a Disambar shekarar, motoci suka cika Gadarif. Wasu masu su ne ke sayarwa da araha saboda halin gudun hijira, wasu kuwa kwasar ganima ce daga Khartum da Jazira. Ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda, harafi bayan harafi. In ka ga alamar an goge an sake bugawa, ko an ce takardu suna tafe, bar ta. Ranar da mai ita ya bayyana, kai za a riƙe, dillali ya daɗe da ɓacewa. Motocin da ake kira 'yan Boko, marasa kwastan, su ma haka.

Baƙar lakar nan tamu ba ta ƙaramar mota ba ce. Kada ka sayi Accent ko Atos ka ce za ka shiga gona da ita a watan Agusta. In Khor Abu Farga ya kawo ruwa, tsaya ka jira. Ruwan rijiya kuma ba ya shiga lagireto, na faɗa na sake faɗa. Matatar iska a lokacin girbi, a kakkaɓe ta kullum.

Kuma don Allah, da sassafe za ka je ganin mota, tare da bakanikenka, kuɗin kuma ka bar su a gida.